Idon raga kaɗai ba zai dawo da kifin gaɓar teku ba

Tambayar da aka aiko mini ita ce: "Kusan duk ƙasar da ke da bakin teku tana da dokar da ta ƙayyade faɗin idon raga, don 'ya'yan kifi su samu su sulale. To me ya sa har yanzu masunta a ƙasashe masu zafi ke kukan kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance? Dokar ce ba a bi, ko ita ce ba ta da amfani?"

Malam, gaskiya ne a wurare da yawa ba a bin dokar. Amma ko da kowane masunci zai bi ta sau da ƙafa, ba za ta wadatar ba a ruwan ƙasashe masu zafi, domin tun asali ba a kan irin wannan ruwan aka auna ta ba.

Tunanin ƙayyade idon raga a Turai ya yi ƙarfi. A 1957 wasu masana biyu 'yan Ingila, Ray Beverton da Sidney Holt, suka fitar da lissafin da ya zama ginshiƙin wannan fanni, kuma a kan kifayen Tekun Arewa suka yi aikin. Can ruwan sanyi ne. Nau'o'in kifin da ake nema ba su da yawa, amma kowane nau'i garke-garke yake, ga shi yana girma a hankali. Abin da lissafin ya nuna shi ne, idan aka bar kifi ya kai wani girma kafin raga ta riƙe shi, nauyin da zai ƙara ya fi hasarar waɗanda za su mutu da kansu kafin lokacin. Wanda ke fuskantar kifi iri ɗaya ko biyu aikinsa mai sauƙi ne. Sai ya auna kaurinsu a lokacin da suke fara ƙwai, ya saƙa idon raga daidai da haka, magana ta ƙare.

Yanzu ka je ka tsaya inda ake juye abin da jirgin jan koma ya kwaso a gaɓar Indiya, ko Tailan, ko arewacin Ostareliya. A ja ɗaya za ka ƙirga nau'i gommai, wani lokacin su haura ɗari. Akwai kifin da ke balaga ya fara ƙwai bai wuce tsawon yatsa ba, kuma iyakar girmansa ke nan har ya mutu. A gefensa akwai wani mai tsawon yatsan shi ma, amma jariri ne, da an bar shi shekara huɗu ko biyar sai ya kai tsawon hannu. Wane ido za ka zaɓa? Idan ka buɗe shi yadda ɗan babban kifin zai fita, duk ƙananan nau'o'in da jatan lande sun tafi, masunci ya koma gida hannu rabbana. Idan ka matse shi yadda zai riƙe jatan lande, to ya riƙe kowa. A aikace masunci yana zaɓar ido ne gwargwadon mafi ƙanƙantar abin da ke da mai saye, kuma duk mai hankali a matsayinsa haka zai yi.

Akwai wani abu game da ruwan kansa da ya kamata ka riƙe, domin shi ne tushen sauran bayanin. Mutane suna ganin teku shuɗi garau a yankin zafi su ɗauka cike yake da kifi. Akasin haka ne. Rana tana ɗumama saman ruwa duk shekara, ruwan ɗumi kuma bai kai na sanyi nauyi ba, sai ya zauna a sama ba ya gauraya da na ƙasa. Takin da ƙananan tsirran ruwa ke buƙata ya nutse can ƙasa inda babu haske, hasken kuma yana sama inda babu taki. Shi ya sa ruwan ya yi garau, babu abin da zai gurɓata shi. Albarkar tana taruwa ne a 'yan wurare. Akwai inda iska ke ture ruwan sama ta jawo na ƙasa mai sanyi, kamar gaɓar Peru, da ta Muritaniya da Senegal, da ta Somaliya da Oman lokacin iskar damina. A Peru an kama fiye da tan miliyan 12 na wani ɗan ƙaramin kifi guda ɗaya, ancobeta, a 1970, kafin yawan kamu da ɗumamar ruwan El Nino su durƙusar da sana'ar a 1972. In ka cire irin waɗannan wurare, abin da ya rage shi ne bakin koguna, da dazukan mangurof, wato itatuwan nan masu tsayawa da saiwoyinsu cikin ruwan gishiri, da filayen ciyawar ƙarƙashin ruwa, da duwatsun murjani, waɗanda wasu ƙananan halittun ruwa ke ginawa. Dukkansu a wata siririyar tsaga suke kusa da tudu, kuma nan ne kwalekwale da babban jirgi duka ke rububi.

Bari mu bi kayan aikin, don ba dukkansu ne ke jin maganar ido ba.

Ragar da ake kafawa a tsaye cikin ruwa, kalli, ita ce ta fi kowace biyayya ga dokar. Kifi yana iyo ya cusa kai cikin ido, ya kasa wucewa saboda kaurin jiki, ya yi yunƙurin ja da baya zaren ya kama shi a bayan marfin kunne. Wanda ya yi ƙanƙanta ya wuce abinsa, wanda ya yi girma sosai kansa bai shiga ba sai ya juya. Saboda haka kowane faɗin ido yana da ajin kifin da yake kamawa, har masana ke amfani da jerin raguna masu ido daban-daban don auna girman kifin da ke cikin ruwa. Sai dai akwai sirrin da masunta suka sani wanda doka ba ta cika ambata ba, wato yadda aka ɗaura ragar a jikin igiyarta. Idan aka ɗaura ta a miƙe, idanun suna buɗe tana zaɓe. Idan aka tattara raga mai yawa a kan gajeriyar igiya ta yi sako-sako, to ta daina kamu ta wuya ta koma naɗewa, duk abin da ya taɓa ta mai ƙaya ko haƙori ko ƙafa sai ya sarƙe. Faɗin ido ɗaya, raga biyu, kamu daban. Ga kuma zaren nailan mai sili ɗaya da ya bazu tun daga shekarun 1960, wanda kifi ba ya gani a ruwa, ba ya ruɓewa, kuma arha ya sa mutum ɗaya yana iya shimfiɗa kilomita da yawa. Idan ya tsinke ya ɓace, yana ci gaba da kamu ba mai ɗebewa. Kuma babban ido, wanda muke yabo don yana sakin 'ya'yan kifi, shi ne ke riƙe kunkurun teku, da dugon ɗan'uwan ayu, da kifin nan mai dogon baki kamar zarto. Wannan na ƙarshe ya ɓace daga mafi yawan gaɓoɓin da aka san shi a da, kuma haƙoran bakinsa da ke sarƙewa a kowace irin raga suna cikin manyan dalilai.

Komar da jirgi ke ja a ƙasan teku kuwa, a nan ne dokar ta fi rauni. An rubuta a takarda cewa idon jakar ƙarshe, inda kamun ke taruwa, kada ya gaza milimita kaza. To amma idon yana da siffar lu'ulu'u mai kusurwa huɗu, kuma da zarar jirgi ya ja, nauyi ya taru a jakar, sai idanun su miƙe su tsuke har kusan rufewa. Bayan awa guda ko biyu laka da ciyawa da gawar kifi sun toshe sauran. Kifin da ya samu ya kutsa ya fita ma sau da yawa ya bar ɓawon jikinsa a zaren, ga gajiyar gudu a gaban koma, ba lallai ya rayu ba. An gwada juya saƙar yadda idon zai zama murabba'i, wanda ba ya tsukewa in an ja, kuma yana taimakon kifaye masu mulmulallen jiki. Masu faɗin jiki kamar faifai, waɗanda suka yi yawa a ruwan zafi, ba ruwansu da wannan gyara.

Mashigin tekun Tailan shi ne darasin da kowane ɗalibin wannan fanni ke fara karantawa. A farkon shekarun 1960 aka shigo da jan koma da jirgi. Jirgin bincike na gwamnati yana samun kusan kilo 300 a awa ɗaya ta ja a 1961. Zuwa farkon shekarun 1980 abin ya dawo wajen kilo 50. Ba yawan kaɗai ya sauya ba. Manyan kifaye masu jinkirin girma su suka fara ɓacewa, ƙanana masu saurin haihuwa suka cike gurbi. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne yadda sana'ar ta ƙi mutuwa. A ƙa'ida idan kifi ya ragu haka jirage su daina fita, ruwa ya huta. Amma sai aka samu kasuwar tarkacen kifi, ana niƙa shi a yi garin abincin kaji da na kifin kiwo da jatan landen kiwo. Tun da tarkace ya samu mai saye, babu abin da zai sa direban jirgi ya guje wa 'ya'yan kifi, su ne ma ke biyan kuɗin mai. Kaso mai tsoka na wannan tarkacen kuwa 'ya'yan kifaye ne masu daraja da ba a bari sun girma ba.

Jan koma don jatan lande shi ne ya fi kowane ɓarna ta wannan fuska, saboda dole idon ya zama ƙarami. Ba abin mamaki ba ne a kwaso kilo biyar ko fiye na wasu halittu a kan kowane kilo ɗaya na jatan lande. A nan gyaran da ya yi aiki ba na ido ba ne. Wani tagar ƙarfe ne ake sakawa a karkace a gaban jakar, sandunansa da tazarar kusan santimita 10, da ƙofa a sama ko a ƙasa. Jatan lande ya bi ta tsakanin sandunan ya shiga jaka, kunkuru da manyan kifaye su zame a jikin ƙarfen su fita ta ƙofar. A 1989 Amurka ta yi dokar hana shigo da jatan lande daga ƙasashen da jiragensu ba sa kare kunkuru, har Indiya da Malesiya da Pakistan da Tailan suka kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, aka yi hukunci a 1998. Ostareliya ta wajabta tagar a jiragen jatan landenta na arewa daga 2000, kamun kunkuru ya faɗi warwas. Sai dai ka lura, tagar tana fitar da manya ne. Ɗan kifin da girmansa ɗaya da jatan lande yana bin sandunan tare da shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi ido muhimmanci, wato wurin da aka jefa ragar.

Ɗauki rayuwar jatan landen teku. Uwar tana zuba ƙwai a can waje, cikin ruwa mai ɗan zurfi. 'Ya'yan suna ƙyanƙyashewa ƙanana ƙwarai, igiyar ruwa ta kwaso su cikin mako biyu zuwa uku ta kai su bakin kogi da cikin mangurof. Nan suke yin 'yan watanni suna ci suna ɓuya tsakanin saiwoyi, sannan su fito su nufi waje inda za su balaga. Duk rayuwar shekara ɗaya ce zuwa biyu. Kifaye da yawa na gaɓa haka suke yi, har da wasu na duwatsun murjani waɗanda ke yin ƙuruciyarsu a mangurof da filin ciyawa kafin su ƙaura. Ma'ana, ruwan da bai wuce ƙugu ba zuwa 'yan mitoci kaɗan shi ne ɗakin reno. Duk ragar da aka ja a wurin 'ya'ya za ta tarar, domin su ne mazauna wurin. Tarun da ake zagayawa da kwalekwale a ja shi zuwa tudu da hannu yana shara ne a daidai wannan wuri, yana tuge ciyawar ma. Kenya ta haramta shi a 2001, kodayake haramcin bai hana ganinsa ba. Ƙarshen abin shi ne gidan sauro da aka mayar raga a gaɓar Mozambik da Madagaska da wasu wurare, wanda idonsa bai bar komai ba. Ba na saurin zagin masu yin wannan, yawancinsu ba su da kwalekwale ba su da jari, abin da za a ci yau suke nema. Amma ɓarnar ba ta tambayar niyya.

Shi ya sa ƙasashe da yawa suka ja layi a ruwa maimakon dogara da ido kaɗai. Dokar Ghana ta 2002 ta hana manyan jiragen jan koma shiga ruwan da ke cikin mil 6 na teku daga gaɓa ko wanda zurfinsa bai kai mita 30 ba. Indonesiya ta wuce nan, a 1980 ta haramta jan koma a mafi yawan ruwanta bayan rikici mai zafi tsakanin masu jirage da ƙananan masunta. Layi yana da wata fa'ida da ido ba shi da ita. Don ka san faɗin idon raga sai ka hau jirgi ka auna. Jirgin da ya ƙetare layi kuwa kowa a gaɓa yana ganin fitilarsa da dare, yanzu ma na'urar bin sawu ta tauraron ɗan'adam tana nuna shi.

Akwai ɓangaren da dokar ido ba ta ma kallo, kuma mutane kaɗan ne ke tunaninsa. Dokar tana cewa a saki ƙanana a kama manya. To manyan nan su ne iyayen. Yawan ƙwan da macen kifi ke yi ba ya tafiya daidai da nauyinta, yana wuce shi. Wani nazari da aka buga a mujallar Science a 2018, kan nau'o'in kifin teku fiye da 300, ya nuna cewa a mafi yawansu uwa ɗaya babba ta fi ƙanana biyu masu rabin nauyinta ƙwai, ƙwan nata kuma sun fi girma. Ƙari a kan haka, kifaye da yawa na duwatsun murjani, irin su yawancin dangin gurufa, wani babban kifi mai faɗin baki, da kifin aku mai baki kamar na aku, suna fara rayuwa a mata ne, sai sun girma wasunsu su rikiɗe su koma maza. Idan kana tsince manya kaɗai, mazan kake kwashewa. Kuma da me ake kama waɗannan? Da ƙugiya, da mamari, da mashin da mai nutso ke harbawa. Ba ɗaya daga cikinsu da ke da ido balle a auna.

Mafi haɗari shi ne taron ƙwai. Gurufar Nassau ta tekun Karibiyan tana zaune ɗai-ɗai duk shekara, amma lokacin cikar wata a tsakanin Disamba da Fabrairu sai su yi tafiya mai nisa su taru dubbai a wasu sanannun wurare don zuba ƙwai, wuri ɗaya kowace shekara. Masunta sun san wurin, sun san daren. Kwalekwale kaɗan da ƙugiya sun isa su kwashe iyayen yanki guda cikin 'yan shekaru, kuma haka aka yi, taruka da yawa sun mutu, yau kifin yana jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Tsibiran Cayman sun hana kamu a wuraren taron daga 2003, kuma a ƙaramin tsibirinsu na Little Cayman yawan kifin ya ninka fiye da sau uku cikin kusan shekara 15. Ba a taɓa idon ragar kowa ba. Wuri da lokaci aka rufe.

Irin wannan haɗarin na taruwa wuri ɗaya yana faruwa da kifaye masu tafiya garke kamar sadin. Ko garken teku ya ragu da kashi mai yawa, waɗanda suka saura suna haɗuwa su yi dunƙule ɗaya. Mai inji da fitilar jawo kifi da na'urar gano garke zai same su, ya zagaye su da koma ya tsuke ƙasanta, ya cika jirgi kamar bara. Kamu ba ya nuna raguwa sai an kusa ƙarshe, sannan ya faɗi lokaci ɗaya. Don haka idan masunci ya ce maka "ai har yanzu muna samu", ba ƙarya yake ba, amma samun nasa ba ma'auni ba ne.

A duwatsun murjani kuma tambayar ba girman kifi ba ce kaɗai, har da aikin da yake yi. Kifin aku da 'yan'uwansa masu kiwon gansakuka su ne ke share dutse don 'ya'yan murjani su samu wurin kafuwa. Su ne kuma suka fi faɗawa gura, tarkon nan na kwando ko waya da ake ajiyewa a ƙasa. A Jamaika an daɗe da kwashe irin waɗannan kifaye, aikin sharar ya rage a wuyan wata halitta mai dogayen ƙayoyi baƙaƙe. A 1983 annoba ta kashe kusan dukkanta. Da wannan da ɓarnar guguwar 1980, murjanin da ke rufe kusan rabin dutsen a ƙarshen shekarun 1970 ya dawo ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990, gansakuka ta mamaye wurin. Bamuda ta haramta gurar kifi a 1990, Beliz ta hana kama kifin aku a 2009. Akwai kuma gyara mai sauƙi da aka gwada a tsibirin Kurasawo na Karibiyan da Kenya, a bar siririyar kafa a tsaye a kusurwar gurar yadda ƙananan kifi da masu siririn jiki za su fita, kuma ya rage kamun banza sosai ba tare da ya taɓa kuɗin masunci ba. Jefa nakiya da zuba guba ba sai na tsaya a kansu ba. Suna kashe kifin su rushe gidansa, kuma dutsen da aka farfasa yana iya shekaru gommai bai farfaɗo ba.

To me ke aiki? A iya abin da aka gani, rufe wuri da rufe lokaci sun fi saurin nuna sakamako, in dai mutanen wurin ne suka yarda suka tsare. A Filifin masanin nan Angel Alcala ya jagoranci ware wani yanki na dutsen murjani a tsibirin Sumilon a 1974, sannan a tsibirin Apo a 1982. A Apo mazauna suka riƙe abin da kansu, manyan kifaye suka yawaita a ciki har suna malalowa waje inda ake su. A Sumilon tsaron ya karye a 1984, aka shiga aka kwashe, cikin ɗan lokaci ribar shekara goma ta tafi. A kudu maso yammacin Madagaska masuntan ƙabilar Vezo na ƙauyen Andavadoaka sun fara rufe wani fili na kamun oktobus, dabbar nan mai hannu takwas, a 2004. Da yake tana girma da sauri ƙwarai, rufewar 'yan watanni ta isa a ga bambanci ranar buɗewa, sai ƙauyuka da yawa suka kwaikwaya. Jihar Kerala ta Indiya tana dakatar da jiragen jan koma lokacin damina tun 1988. Sai dai a yi hattara, hutun wata ɗaya ko biyu yana amfanar masu saurin girma ne. Kifin da ke buƙatar shekara biyar kafin ya balaga hutun wata biyu bai yi masa komai ba, musamman idan ranar buɗewa kowa ya fito da ninkin ƙarfinsa.

Sannan akwai maganar da ba a son ji. Babu dokar kayan aiki da za ta tsaya idan yawan jirage da injuna da tsawon raguna yana ninkawa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 1974 kashi 10 cikin 100 na rukunonin kifin teku da take bibiya ne ake kamawa fiye da ƙima, a 2021 kuwa sun kai kashi 37.7. Matse idon raga sau da yawa alama ce ta cutar, ba ita ce cutar ba. Kifi ya ragu, masunci ya rage ido don ya samu na cefane, kifin ya ƙara raguwa, ya ƙara ragewa. Wanda ya ce zai tsaya a kan babban ido shi kaɗai, maƙwabcinsa ne zai kama abin da ya saki. Ka ba shi umarni ya koma babban ido ba tare da ka rage masu ja a gabansa ba, kuma ba tare da abin da zai ci a watannin farko da kamu zai ragu ba, to takarda ka rubuta. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu aikin su a duniya ƙananan masunta ne, don haka wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Masanin kifi Daniel Pauly ya yi wata lura a 1995 da ke ƙara wahalar abin, cewa kowane ƙarni yana ɗaukar yawan kifin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin daidai, saboda haka matashin masunci bai ma san girman abin da aka rasa ba.

Kada ka fahimce ni cewa a yar da dokar ido. A kalli tana aiki sosai, a komar zagaye ta kifi iri ɗaya ma haka, kuma ita ce ke ba hukuma hujjar ƙwace gidan sauro da makamantansa. Idan kana son sanin halin da wata gaɓa take ciki da kanka, ba sai ka jira jirgin bincike ba. Wani masanin kifi, Rainer Froese, ya ba da hanya mai sauƙi a 2004. Ka zaɓi nau'i ɗaya daga cikin waɗanda ake saukewa, ka auna tsawon guda ɗari ko fiye ba tare da zaɓe ba, ka tsaga cikin wasu masu girma daban-daban ka ga daga wane tsawo ake fara ganin ƙwai ko farin maniyyi. Sannan ka duba kashi nawa na tulin suka kai wannan tsawon, kashi nawa ke daidai girman da ya fi riba, da kuma ko har yanzu ana ganin tsofaffin manya jefi-jefi. Idan yawancin tulin ba su taɓa ƙwai ba, manya kuma sun daina fitowa ba don an hana kama su ba, akwai matsala ko da kowace raga ta cika ƙa'ida. Ka maimaita ga nau'i uku ko huɗu, don abin da ka gani a ɗaya ba zai gaya maka halin ɗayan ba.

Wajen auna ragar kanta kuma, a jiƙe ake auna ta, a ja idon a miƙe daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa, a auna idanu da yawa a jere a ɗauki matsakaici, domin nailan yana miƙewa yana kuma tsukewa da tsufa. A jirgin jan koma jakar ƙarshe ce abin dubawa, ba fukafukan da ke gefen bakin komar ba. Mai dubawa ya zura hannu ciki, saboda dabarar da aka fi yi ita ce a bar jaka mai idon ƙa'ida a waje, a ɗinka wata mai ƙaramin ido a cikinta, ko a ajiye ta daban a ɗaura bayan an bar tashar jirage.